Gangara Awa 3, Hawa Awa 5

Sharhinmu na yau a kan lissafi yake, kuma ina roƙon duk wanda ya ji an ce lissafi har ya kai hannu zai murɗa akwatinsa, ya dakata tukuna. Mai takarda da alƙalami a kusa ya jawo su. Wanda ke tuƙi ko take bakin murhu, kunne kaɗai ma ya isa, domin lambobin da za mu yi aiki da su ba su fi na lissafin cefane girma ba.

Akwai wata tambaya da ba a raba ta da littattafan lissafi na sakandare, kuma ɗalibai da yawa da zarar sun hango ta a takardar jarrabawa sai su tsallake. Ga yadda take. Jirgin ruwa mai inji ya tashi daga wani gari ya gangara kogi zuwa wata kasuwa, nisan kilomita 60, ya isa cikin awa 3. Da aka tashi kasuwa ya juyo gida, yana tunkarar ruwa, bai iso ba sai bayan awa 5. Injin bai canja ba, matuƙin bai rage wuta ba. To, mene ne gudun jirgin shi kansa, a ce a ruwa kwance yake tafiya, kuma mene ne gudun ruwan kogin?

Abin da ke damuna shi ne, cikin yaran da ke tsallake wannan tambaya akwai 'ya'yan masunta da 'ya'yan masu fito, yaran Yawuri da Lakwaja da Ibi da Gaya, waɗanda tun suna goye ake shiga kwale-kwale da su. Uban yaron ya san gangara ba ɗaya take da hawa ba, kafaɗunsa ne suka koya masa. Ya san lokacin da zai baro kasuwa in yana son ya yi magariba a gida. Amma ɗansa na zaune a aji, an rubuta masa wannan sanin na ubansa da Turanci da wasu haruffa, ya dube shi bai gane shi ba. Sani ɗaya ne aka raba gida biyu, rabi a bakin kogi, rabi a kan allo, kuma kowane rabi yana buƙatar ɗan'uwansa.

Mu fara da abin da kowa ya yarda da shi. Wanda ya yi kilomita 60 cikin awa 3, kowace awa kilomita 20 yake ci. Wannan shi ne gudun gangara. Wanda ya yi kilomita 60 cikin awa 5, kowace awa kilomita 12 yake ci. Wannan shi ne gudun hawa. Har yanzu ba mu yi komai ba illa rabawa.

Yanzu tambayar da ta fi kowace muhimmanci: wannan 20 ɗin, na wane ne? Ba na jirgi ne shi kaɗai ba. Lokacin da yake gangara, inji na tura shi, ruwa ma na ɗauke da shi, ƙarfi biyu ne suka haɗu wuri guda. Shi kuwa 12, abin da ya rage ne bayan ruwa ya zabtare rabonsa daga ƙarfin inji. Tunda ba mu san gudun jirgin ba, mu ba shi suna, mu kira shi J. Gudun ruwa kuma mu kira shi R. Mai takarda ya rubuta layi biyu. Layin farko, J a tara da R ya zama 20. Layi na biyu, J a ɗebe R ya zama 12.

Duk wahalar tambayar a nan ta ƙare. Wanda ya iya fitar da layukan nan biyu daga cikin labarin ya gama aikin tunani, saura aikin hannu. Kowane layi kamar sikelin mai awo yake, abin da ke hagu nauyinsa ɗaya da abin da ke dama, saboda haka in ka haɗa hagu da hagu, dama da dama, sikelin ba zai karkata ba. Mu haɗa su. A hagu, R da aka tara da R da aka ɗebe sun cinye juna, saura J biyu. A dama, 20 da 12 sun ba da 32. J biyu 32, ke nan J ɗaya 16. Gudun jirgin kilomita 16 a awa. Me za a ƙara wa 16 ya kai 20? Huɗu. Gudun ruwa kilomita 4 a awa. Kada a tashi sai an gwada: 16 da 4, 20 ne, 16 ba 4, 12 ne. Labarin ya yarda da amsar.

To amma akwai wani rami a gefen hanyar nan, kuma manya ma na faɗawa. Wani zai ce, ai da sauƙi: zuwa da dawowa kilomita 120, lokaci awa 8, a raba, a samu 15, gudun jirgin ke nan, tunda abin da ruwa ya ƙara a gangara shi ya rage a hawa. Maganar tana da daɗin ji, amma ba haka take ba. Mun riga mun tabbatar gudun jirgin 16 ne. Da a tafki yake tafiya, inda ruwa ba ya gudu, da kilomita 120 ɗin nan awa 7 da rabi zai yi su. A kogi ya yi awa 8. Ina rabin awa ya shiga?

Ku saurara da kyau, domin wannan ne zuciyar sharhin yau. Ruwa ya taimaki jirgin da kilomita 4 a kowace awa, amma na tsawon awa 3 kawai, ke nan ya ba shi kyautar kilomita 12. Da ya juyo, ruwa ya riƙa ƙwace masa kilomita 4 a kowace awa, na tsawon awa 5, ke nan ya karɓe kilomita 20. Ya ba da 12, ya karɓi 20. Giɓin kilomita 8 ne, kuma jirgi mai gudun 16 rabin awa yake buƙata ya cike kilomita 8. Ga rabin awarmu. Taimakon ruwa gajere ne domin shi da kansa yake gaggauta kai ka, cutarwarsa kuwa doguwa ce domin shi da kansa yake tsawaita zamanka a cikinta. Duk kogin da ke gudu, zuwa da dawowa a cikinsa ya fi na ruwa kwance daɗewa, ko ta wane gefe ka fara.

Ga mai inji, rabin awa ba wani abin tashin hankali ba ne. Mu koma wajen mai filafili, wanda ƙarfin damtsensa ne injinsa. A ce yana iya kilomita 6 a awa a ruwa kwance, garin da za shi kuma kilomita 24 ne. Da rani, a ce ruwa na gudun 2. Gangara 8 a awa, awa 3. Hawa 4 a awa, awa 6. Jimla awa 9, maimakon 8 da zai yi a tafki. Asarar awa guda, ana iya jurewa. Damina ta yi nisa, kogi ya kawo, gudun ruwa ya ninka ya zama 4. Gangara 10 a awa, awa 2 da minti 24, har yana jin daɗi. Hawa fa? Shida ba huɗu, saura 2. Kilomita 24 a gudun 2, awa 12 cur. Gudun ruwa sau biyu kawai ya ninka, amma asarar lokaci ta tashi daga awa 1 zuwa awa 6 da minti 24. In ruwan ya kai 5, dawowa kwana ce da yini, awa 24 ba ajiye filafili. In ya kai 6, mutum zai yi ta tuƙi gumi na zuba, bishiyar da ke gaɓa tana nan daidai kafaɗarsa. Mun saba cewa sannu ba ta hana zuwa, kuma a tudu gaskiya ne. A kan kogi, sannun da ba ta fi gudun ruwa ba tana hana zuwa ƙwarai, har ma ta mai da mutum baya.

Wani zai ce, to malam, masu jirgi ai sun san duk wannan ba tare da J da R ba. Sun san hawa ta fi wuya, babu shakka. Abin da lissafi ke ƙara musu shi ne nawa. Mu koma kan jirginmu na farko. Inji da awa yake shan mai, ba ruwansa da kilomita nawa aka ci. A ce yana shan lita 5 a awa. Gangara lita 15. Matuƙin da ya auna abin da ya sha a zuwa ya ce to dawowa ma 15, sai ya tashi da lita 30. Alhali dawowa awa 5 ce, lita 25 take so. Lita 15 da ta rage masa awa 3 za ta kai shi, a gudun 12, kilomita 36. Inji zai mutu saura kilomita 24 a isa gida, a tsakiyar ruwan da ke jan jirgi baya, da mata da yara da buhunan hatsi a ciki. Haka kuma lokaci. Wanda ya baro kasuwa ƙarfe 3 na yamma yana zaton awa 3 ce kamar ta safe, yana sa ran isa ƙarfe 6, ƙarfe 8 na dare zai isa, awa biyu a cikin duhu. Tsohon matuƙi da ya shekara talatin a hanya ɗaya ba zai yi wannan kuskure ba. Amma yau jirage nawa ne ke hannun samari da suka karɓi inji bara, ko suke bin hanyar da ba su saba ba, ko suka fita ranar da ruwa ya ƙaru cikin dare?

Ba mu manta da abin da ya faru a watan Yunin 2023 a ƙaramar hukumar Patigi ta jihar Kwara ba, inda jirgi ɗauke da mutanen da ke dawowa daga biki ya kife cikin dare, aka rasa rayuka fiye da 100. Allah ya jiƙansu da rahama. Haɗurran ruwa a ƙasar nan dalilansu sanannu ne: lodi fiye da kima, rashin rigar ceto, tsofaffin jirage, kututturan itace da ke ɓoye a ruwa, da tafiyar dare, wadda hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA mai hedkwata a Lakwaja ta hana. Lissafi ba zai toshe jirgin da ke yoyo ba, ba zai sayi rigar ceto ba. Amma a cikin jerin nan akwai guda da lissafi ke iya taɓawa kai tsaye, wato dare ya riski mutum a ruwa ba da niyyarsa ba. Ko wannan kaɗai ya isa a daina kallon tambayar jirgi da kogi a matsayin wasan 'yan boko.

Sai dai dole a faɗi gaskiya game da tambayar littafi: ta sauƙaƙa kogi fiye da yadda yake. Ta ɗauka gudun ruwa ɗaya ne daga gaɓa zuwa gaɓa, daga safe zuwa dare. Kogin gaske ya fi gudu a tsakiya inda yake da zurfi, ya fi lafawa a gefe inda ƙasa da ciyawa ke riƙe shi, kuma a kan kwana ya fi ƙarfi ta bayan kwanar, inda yake cin gaɓa. Shi ya sa za ka ga mai kwale-kwale in zai gangara ya fito tsakiya, in zai hau ya lafe a gefe. Da harshen allo, yana neman babban R lokacin da R ke tare da shi, yana neman ƙaramin R lokacin da R ke gāba da shi. Malamin da ya nuna wa ɗalibansa wannan ya nuna musu iyayensu masana ne. Shi ma J ba a tsaye yake ba, jirgin da aka danƙara wa kaya ya nutse sosai gudunsa raguwa yake yi.

Kogin Kwara kuma yana da nasa hali da ya kamata ɗalibanmu su sani. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 4,180, daga tsaunukan Gini, ya bi ta Mali da Nijar da iyakar Benin, ya shigo Najeriya, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja. Cikarsa biyu ce a shekara. Akwai ta damina, wadda ruwan saman yankinmu ke kawowa wajen Agusta da Satumba. Akwai kuma ta biyu, ruwan da ya zuba a Gini, ya bazu a fadamun Mali wajen Mopti ya yi watanni yana tafiya a hankali, sai cikin sanyin hunturu, wajen Janairu, yake cika a Yamai, lokacin da ko ɗigon ruwan sama babu. Ga kuma madatsun ruwa, Kainji da aka kammala a 1968, da Jabba a ƙasa da ita, da Lagdo a kan Binuwai cikin Kamaru. Ranar da aka saki ruwa daga ɗayansu, R na mutanen da ke ƙasa ya canja. A tafkin Kainji kuwa, inda ruwa ya kusa kwanciya, can ne mutum zai ga J tsirararsa. Saboda haka R ba lamba ce da ake haddacewa ba, aunawa ake yi, kuma aunawar ba ta da wuya. A auna mita 20 a gaɓa, a jefa kara a ruwa, a duba agogon waya. In karan ya yi daƙiƙa 20 kafin ya ci mita 20, ruwan na gudun mita 1 a daƙiƙa, wato kilomita 3.6 a awa. Makarantar da ke kusa da kogi, ko da rafi ne, darasi guda a bakin ruwa tare da malami da wani dattijon masunci zai yi wa yara abin da mako guda a kan allo bai yi ba.

Ɗaliban ajin ƙarshe, ga taku, domin a jarrabawa tambayar takan zo da wata fuska. Jirgi mai gudun kilomita 10 a ruwa kwance ya je gari mai nisan kilomita 24 ya dawo, duka cikin awa 5. Mene ne gudun ruwa? A nan ba a ba ku lokacin zuwa dabam da na dawowa ba, jimla aka ba ku. Kada ku firgita. Lokaci shi ne nisa a raba da gudu. Lokacin gangara, 24 a raba da 10 da R. Lokacin hawa, 24 a raba da 10 ba R. Su biyun a haɗe, 5. Domin a rabu da rabawar, a ninka kowane gefe da 10 da R, sannan da 10 ba R. A hagu za a samu 24 sau 10 ba R, a tara da 24 sau 10 da R. Nan ma R ya cinye R, saura 240 da 240, wato 480. A dama, 10 da R sau 10 ba R yana ba da 100 ba R sau R, a ninka da 5, ya zama 500 ba R sau R gida biyar. Tsakanin 480 da 500 akwai 20, ke nan R sau R gida biyar 20 ne, R sau R 4 ne, R kuwa 2. Mu gwada: gangara 12 a awa, awa 2, hawa 8 a awa, awa 3, jimla 5. Ta fita. Ku lura da yadda R ya fito yana ninka kansa. Wannan ne sirrin abin da ya sami mai filafilinmu ɗazu, inda ƙaruwar ruwa kaɗan ta jawo asarar lokaci mai yawa.

Na san akwai mai cewa a ransa, aljabara a rediyo, da Hausa, ba allo ba alli, anya? Ina tuna masa cewa littafin da wannan fanni ya kafu a kansa, wanda Muhammad ɗan Musa Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, zamanin Halifa Ma'amun, babu harafin x ko y a cikinsa. Da jimlolin Larabci zalla ya bayyana komai, kuma babban kaso na littafin a kan wasiyya da rabon gado yake, matsalolin da mutane ke kawowa gaban alƙali. Al'adar sa x da y a madadin abin da ba a sani ba sai a 1637 ta kafu, a rubutun René Descartes na Faransa, bayan shekara 800 da ɗoriya. Haruffan gajerce rubutu suke yi, kuma suna da amfani matuƙa, amma tunanin ya riga su. Yaron da aka fara ba shi haruffa kafin ya ga jirgin da kogin a zuciyarsa, an ba shi ƙarshen abu ba farkonsa. Shi ya sa nake ganin kuskure ne babba malami ya rubuta wa yara cewa gudun jirgi shi ne rabin jimla, gudun ruwa rabin bambanci, ya ce su haddace. Ƙa'idar daidai ce, amma ranar da tambaya ta juya fuska, kamar wadda muka warware yanzu, haddar ba za ta cece su ba.

Ga wata da nake so ƙwarai, domin tana nuna inda tunani ya fi ƙa'ida. Mai kwale-kwale yana hawan kogi, ƙwaryar da yake kwarfe ruwa da ita ta faɗa ruwa bai sani ba. Sai bayan minti 20 ya lura. Ya juya nan take, yana tuƙi da ƙarfi ɗaya da na ɗazu. Minti nawa zai yi kafin ya cim mata? Ba a faɗi gudunsa ba, ba a faɗi gudun ruwa ba, amma amsa tana nan: minti 20. Dalili kuwa, ruwan da ke ɗauke da ƙwarya shi ne ke ɗauke da kwale-kwale. In ka sa kanka a matsayin ƙwaryar, ba ka ganin wani gudun ruwa, abin da kake gani shi ne mutum ya yi nesa da kai na minti 20 da ƙarfin damtsensa, to da wannan ƙarfin minti 20 zai yi ya dawo. In kuma aka ce ya same ta kilomita 2 ƙasa da inda ta faɗi, to ta yi kilomita 2 cikin minti 40, gudun ruwa kilomita 3 a awa ke nan. Gudu ba shi da ma'ana sai an ce gudu a idon wa, na tsaye a gaɓa ko na kan ruwa. Galileo ya yi wannan bayani a 1632, shi ma da misalin jirgin ruwa ya yi shi.

Masu fito kuma, masu tsallakar da mutane daga gaɓa zuwa gaɓa, nasu lissafin dabam ne. Duk wanda ya taɓa tsallaka kogi ya ga matuƙi ba ya saita hancin jirgi kan inda za shi, sama kaɗan yake nufa, ruwa ya gyara masa. In gudunsa 5 ne, ruwa 3, wani kaso na ƙarfinsa yana tafiya wajen hana ruwa jan sa, abin da ke tsallakar da shi 4 ne, bisa ƙa'idar nan ta alwatika da ɗalibai suka sani da sunan Pythagoras: 3 sau 3 da 4 sau 4 sun ba da 5 sau 5. Kogi mai faɗin kilomita 1, tsallakawa da dawowa minti 30. Amma a ce kilomita 1 ya gangara ya hau, minti 7 da rabi ne da minti 30, jimla 37 da rabi. Nisa ɗaya, lokaci ya bambanta. A 1887, a birnin Cleveland na Amurka, masana biyu, Michelson da Morley, sun ɗauki wannan lissafi suka gwada shi a kan haske. A lokacin ana zaton akwai wani abu marar ganuwa da ya cika sararin sama wanda haske ke tafiya a cikinsa, duniya kuma na ratsa shi. Suka aika haske ta hanya biyu, ɗaya zuwa da dawowa a kan layin tafiyar duniya, ɗaya a gicciye, suna jiran su ga bambancin lokaci irin na mai fito. Bambancin da suke jira bai bayyana ba, kuma warware wannan ɗaurin yana cikin abin da nazarin Einstein na 1905 ya yi. Ko a yau, jirgin sama daga Landan zuwa Niyok yakan yi wajen awa 8, dawowa wajen awa 7, saboda iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a can sama. Masu tsara tafiyarsa da man da zai sha, J da R ɗin nan suke lissafawa.

Saboda haka ina kira ga malaman lissafi, musamman na garuruwan bakin kogi: kafin ku rubuta harafi ko ɗaya a allo, ku ba da labarin da harshen da yaran ke mafarki da shi, ku tambaye su wa ya taɓa hawan ruwa, ku bar su su faɗi da bakinsu cewa gangara tarawa ce, hawa ɗebewa. Turancin jarrabawa ya biyo baya, zai zauna daram a kan abin da aka riga aka gane. Sarakunan ruwa da shugabannin ƙungiyoyin masu jirage, ku sa ya zama doka a tasharku cewa ba a lissafin man dawowa da lokacin dawowa da ma'aunin zuwa. Iyaye masu sana'ar ruwa, in yaro ya zo da irin wannan tambaya daga makaranta, kada ku ce ba ku yi boko ba, ku sa ya karanta muku ita da Hausa, rabin amsar tana wurinku.

Ɗalibai, ga aikin gida. Ruwa na gudun kilomita 3 a awa. Wani jirgi, lokacin da yake ɗauka ya gangara kilomita 30, daidai yake da lokacin da yake ɗauka ya hau kilomita 18. Mene ne gudunsa a ruwa kwance? Na maimaita: ruwa 3, gangara 30, hawa 18, lokaci ɗaya. Ku ba abin da ba ku sani ba suna, ku rubuta lokacin gangara, ku rubuta lokacin hawa, ku daidaita su. In kun samu amsa ku mai da ita cikin labarin, in lokutan biyu suka zo ɗaya to kun ci, ba sai kun jira wani ya duba muku ba. Wanda ya gane kuma ya zaunar da ƙaninsa ko ƙanwarsa ya koya musu a daren nan.